Camry, Accord ko Sonata: Yadda ake kwatanta motocin salun masu matsakaicin girma

Motocin salun masu matsakaicin girma, irin su Toyota Camry da Honda Accord, sun daɗe suna cikin motocin da ma'aikata da 'yan kasuwa suka fi saya a Najeriya, sai dai a Amurka, inda akasarinsu ke fitowa, kamfanoni na ta daina ƙera su ɗaya bayan ɗaya.

Kamfanin Ford ya daina ƙera Fusion a shekarar 2020. Mazda ya janye Mazda6 daga kasuwar Amurka bayan 2021, Volkswagen ya bi sahu da Passat bayan ƙirar 2022, sannan a watan Nuwamban 2024 kamfanin General Motors ya daina ƙera Chevrolet Malibu. Subaru ma ya kawo ƙarshen Legacy a 2025.

Dalilin hakan shi ne masu saye a can sun koma ga motoci masu tsayi daga ƙasa, waɗanda a Najeriya ake kira jif.

Lamarin ya shafi mai saye a Kano ko Kaduna kai tsaye, domin sabuwar motar da ake sayarwa a Amurka yau, ita ce za ta iso tashar jiragen ruwa ta Legas a matsayin ta hannu nan da shekara biyar ko goma.

Bugu da ƙari, motocin da suka rage a kasuwar sun sauya matuƙa: injin wasu ya ƙanƙance, tsarin giya ya canza, lantarki kuma ya shigo.

A daidai wannan lokaci ne kuɗin fetur da na kayan gyara suka ninka a Najeriya, abin da ya sa kuɗin da za a biya dillali ranar saye ya zama wani ɓangare kawai na abin da motar za ta ci wa mai ita.

Me ake nufi da matsakaicin girma?

Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ita ce ke rarraba motoci aji-aji a ƙasar, kuma da faɗin cikin mota take aunawa, wato wurin zaman fasinjoji haɗe da but.

Idan jimillar ta kama daga kimanin lita 3,100 zuwa ƙasa da lita 3,400, motar tana ajin matsakaita. Idan ta haura haka, ta shiga ajin manya.

Wannan ne ya sa hukumar ta sanya Honda Accord ƙirar 2008 a ajin manyan motoci, kamar yadda ta yi wa Hyundai Sonata tun daga ƙirar 2006, duk da cewa a kasuwa da Camry suke gogayya.

A Turai kuwa ana kiran ajin da sunan rukunin D, kuma motocin can sun fi na Amurka ƙanƙanta. Peugeot 406, wadda aka ƙera a Faransa daga 1995 zuwa 2004, kuma aka ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna bayan nan, tsawonta kimanin mita 4.6 ne, yayin da Camry ƙirar 2007 ta kai mita 4.8, Accord ƙirar 2008 kuma ta haura mita 4.9.

Yadda motocin suka mamaye Najeriya

Honda ya fito da Accord a 1976, Toyota ya fito da Camry a 1982, Hyundai na Koriya ta Kudu kuma ya fito da Sonata a 1985.

Daga bisani dukkansu sun kafa masana'antu a Amurka: Accord a jihar Ohio tun 1982, Camry a jihar Kentucky tun 1988, Sonata kuma a jihar Alabama tun 2005.

Tun daga 1997 har zuwa 2024, Camry ce motar salun da aka fi saya a Amurka a kowace shekara, in ban da 2001 lokacin da Accord ta sha gabanta.

Yawan motocin a can shi ya sa suka yi yawa a kasuwannin gwanjo, daga nan kuma suke kwararowa Afirka ta Yamma. Tun da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, motoci masu sitiyari a hagu, irin na Amurka da nahiyar Turai, su ne suka dace da titunanta.

Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, an fitar da motocin hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin ɗari sun nufo Afirka ne.

Shaharar motocin ta kai ga dillalai sun raɗa musu sunaye. Camry ta 2002 zuwa 2006 ita ce Big Daddy, ta 2007 zuwa 2011 kuma Muscle. Accord ta 2003 zuwa 2005 ita ce End of Discussion, ta 2006 da 2007 kuma Discussion Continues.

A da, Peugeot ce ke riƙe da wannan matsayi, musamman a arewa, inda masana'antar PAN ta Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma gwamnatoci suka riƙa sayen motocinta domin jami'ansu.

Fili: kujerar baya

Abu na farko da mai iyali ke dubawa shi ne kujerar baya, kuma a nan tsawon mota daga waje yana iya yaudarar mai saye.

Accord ƙirar 2008 ta fi Camry ƙirar 2007 tsawo da fiye da santimita 12, amma bisa alƙaluman kamfanonin, wurin miƙe ƙafa a baya santimita 97 ne a Camry, santimita 94 da rabi a Accord.

Sonata ƙirar 2011 zuwa 2014 tana da santimita 88 kacal a baya, domin an fifita kujerun gaba a wajen rabon filin.

Daga ƙirar 2018 lamarin ya juya. Accord ta kai kusan santimita 103, yayin da Camry ta tsaya a kusan 97.

Sai dai ana ɗaukar waɗannan alƙaluma ne gwargwadon inda aka tsayar da kujerar gaba, don haka hanyar da ta fi tabbas ita ce direba ya daidaita kujerarsa yadda yake tuƙi, sannan ya zagaya ya zauna a bayanta.

Akwai kuma batun rufi. Sababbin ƙira da dama suna da rufin da ya gangaro ta baya domin ado da rage jan iska, abin da ke takura dogon mutum, balle wanda ya sa doguwar hula. Motar da aka yi wa tagar rufi ma tana rasa wasu santimitoci na filin kai.

Dukkan motocin wannan aji mutum biyar aka ƙera su su ɗauka, kuma bel biyar gare su. Iyalin da suka haura haka, motar ba ta da kariya ga na shida, kome faɗin kujerar.

Fili: but

A ɓangaren but ma babu kamfanin da ya riƙe kambu a kowane zamani.

Camry ta 2002 zuwa 2006 tana ɗaukar kimanin lita 473, Accord ta zamaninta kuma lita 396. Camry ta 2007 ta sauko zuwa lita 425, Accord ta 2008 ta tsaya a lita 396, yayin da Sonata ta 2011 ta fi su duka da lita 464.

A ƙirar 2018, Accord ce ta koma gaba da lita 473, Camry kuma lita 428.

Peugeot 406 an rubuta mata lita 430, amma Turawa da Amurkawa ba hanya ɗaya suke bi wajen awon but ba, don haka ba a kwatanta alƙaluman kai tsaye.

Baya ga yawan lita, faɗin bakin but yana da muhimmanci, domin but mai zurfi amma mai ƙaramin baki ba zai karɓi babban akwati ko buhun hatsi cikin sauƙi ba. Kazalika ba kowace ƙira ce kujerar bayanta ke kwantawa a sami ƙarin wuri ba.

Wani sabon al'amari shi ne iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar da shirin yaɗa amfani da ita a 2023. A motar salun, tukunyar gas ɗin a cikin but ake ɗaure ta, kuma tana cinye babban kaso nasa. Wanda ke da niyyar juya motarsa zuwa gas, bambancin lita 70 tsakanin wata ƙira da wata ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Ta fuskar nisan ciki daga ƙasa kuwa, akasarin motocin da aka ƙera domin Amurka suna tsakanin santimita 14 da 15, kuma idan aka cika su da mutane da kaya sukan ƙara sauka. Wannan ya isa a kan titi mai kyau, amma mai yawan bin hanyar karkara da damina ya kamata ya sa shi a lissafi.

Inji da giya

Shekaru da dama, zaɓin da ke gaban mai saye biyu ne: inji mai silinda huɗu ko mai shida.

Camry ta 2007 mai silinda huɗu tana da inji mai lita 2.4 da ƙarfin doki 158, mai silinda shida kuma lita 3.5 da ƙarfin doki 268. Accord ta 2008 mai silinda huɗu tana da ƙarfin doki 177 ko 190, gwargwadon nau'in.

Mai silinda shida ta fi daɗin tuƙi a doguwar tafiya da wajen wuce manyan motoci, amma ta fi shan mai, kuma gyaranta ya fi tsada. A injinan Honda masu silinda shida, bel ne na roba ke daidaita motsin inji, kuma wajibi ne a canza shi a kan kari, domin idan ya tsinke ana tafiya yakan lalata injin. Haka abin yake a Peugeot 406. Injinan Camry da Accord masu silinda huɗu na waɗannan shekaru kuwa sarƙar ƙarfe suke amfani da ita, wadda ta fi daɗewa.

Daga 2018 kamfanonin biyu sun rabu hanya. Honda ya daina sa inji mai silinda shida a Accord, ya koma ga ƙaramin inji mai lita 1.5 ko 2.0 haɗe da turbo, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska a cikin inji domin ya ba da ƙarfin babba. Toyota kuwa ya riƙe inji mai lita 2.5 marar turbo, mai ƙarfin doki 203.

Ƙaramin inji mai turbo yana rage shan mai, sai dai yana aiki cikin zafi da matsi fiye da na da, saboda haka ba ya jure wa gurɓataccen fetur ko baƙin mai marar inganci. Najeriya ta ga misalin wannan hatsari a watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da ƙima, motoci da dama suka lalace.

Akwai kuma giyar da ake kira CVT, wadda ba ta da matakai irin na giya ɗaya, biyu, uku, sai dai bel na ƙarfe da ke zamewa tsakanin wasu faifai biyu. Nissan Altima ta koma irinta tun 2007, Accord mai silinda huɗu kuma tun 2013.

Giyar tana taimakawa wajen tattalin mai, amma tana da man giya nata na musamman, kuma zuba mata irin na sauran motoci na iya kashe ta. Camry mai amfani da fetur zalla ta ci gaba da tsohon tsarin giya mai canza kanta har zuwa ƙirar 2024, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa kanikawa suka fi sakin jiki da ita.

Kowace da lagonta

Babu ɗaya daga cikin motocin da ba ta da tarihin matsala, kuma kamfanonin da kansu sun amsa wasu.

Injin Camry mai lita 2.4 na shekarun 2007 zuwa 2009 ya yi suna wajen shan baƙin mai, har Toyota ya tsawaita wa'adin garanti a kansa a Amurka. Haka ya yi kan allon gaban mota na ƙirar 2007 zuwa 2011, wanda ke narkewa yana danƙo a wurare masu zafi.

A 2004 Honda ya janye motoci, ciki har da Accord mai silinda shida ta 2003 da 2004, domin gyara giyarsu da ke ɗaukar zafi.

A 2015 Hyundai ya janye Sonata kimanin 470,000 ƙirar 2011 da 2012 a Amurka, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin injin tun daga masana'anta, wanda ke iya sa shi ya tsaya cak.

Nissan ma ya tsawaita garantin giyar CVT ta motocinsa na 2003 zuwa 2010 zuwa shekara goma.

Abin lura shi ne duk waɗannan gyare-gyare kyauta aka yi su ga masu motoci a Amurka. Motar da aka fitar zuwa Afirka kafin a gyara ta, da matsalarta take tahowa, kuma kuɗin gyaran a kan sabon mai ita zai faɗa.

Na'urorin kariya da na ado

A wurin dillalai, abubuwan da ke ɗaga farashi su ne kujerun fata, tagar rufi, allon kallo da ƙafafun alminiyam. Babu ɗaya daga cikinsu da ke kare rai idan aka yi hatsari.

Na'urar da ta fi tasiri a wannan fanni ita ce wadda ke hana mota kwacewa. Idan ta ji motar na shirin zamewa a kwana ko yayin kauce wa rami, takan matsa birkin taya ɗaya ko biyu da kanta domin ta dawo da ita kan hanya.

Amurka ta wajabta na'urar a kan dukkan sababbin ƙananan motoci daga ƙirar 2012. Honda ya sa ta a kowace Accord tun 2008, Toyota kuma a kowace Camry tun 2010. Ke nan Camry ta 2007 zuwa 2009 tana iya kasancewa da ita ko babu, sai an duba.

Kyamarar baya ta zama wajibi a Amurka daga watan Mayun 2018. A ƙirar wannan shekarar ce kuma Camry da Accord suka fara zuwa da birkin gaggawa mai aiki da kansa, da na'urar gargaɗi idan mota ta bar layinta, a kowane nau'i.

Sai dai na'urorin suna dogara ne da kyamara da ke jikin gilashin gaba da kuma rada da ke gaban mota. Idan an taɓa buga motar ko an canza gilashi ba a sake saita su ba, ba za su yi aiki yadda ya kamata ba. Mai lura da layi kuma ba ta da amfani a titin da ba a ja masa layi ba.

A ƙasa mai zafi kamar Najeriya da Nijar, na'urar sanyaya mota ta fi kujerar fata amfani, musamman idan tana da kafar iska ga mutanen baya.

Batun jakar iska ta Takata

Matsala mafi hatsari a cikin tsofaffin motocin ita ce ta jakar iska ƙirar kamfanin Takata na Japan, wanda ya durƙushe a 2017.

Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da laima, ta yadda idan aka yi karo, gwangwanin da ke ɗauke da shi na iya tarwatsewa ya watsa wa direba gutsattsarin ƙarfe. An janye kimanin miliyan 67 a Amurka kaɗai, kuma mutane da dama sun mutu.

Kamfanonin motoci masu yawa abin ya shafa, amma Honda na cikin waɗanda ya fi shafa, ciki har da Accord da dama na shekarun 2001 zuwa 2012. A watan Fabrairun 2023 kamfanin ya gargaɗi masu Accord ta 2001 da 2002 waɗanda ba a gyara ba da su daina tuƙa su baki ɗaya.

Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake gani ta ƙasan gilashin gaba a ɓangaren direba. Idan motar ta Amurka ce, ana iya shigar da lambar kyauta a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar, NHTSA, a ga ko akwai gyaran da ba a yi mata ba.

Lissafin mai

A ranar 29 ga watan Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki a sassa da dama, kuma a ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a garuruwa masu yawa.

Bisa awon hukumar EPA, Camry ta 2007 mai silinda huɗu tana tafiyar kilomita 10 zuwa 11 da lita ɗaya. Camry da Accord na 2018 suna yin kimanin kilomita 14. Camry ta 2025, wadda ke haɗa fetur da lantarki, tana kaiwa kilomita 21 a nau'inta mafi tattali.

Ga mutumin da ke tafiyar kilomita 15,000 a shekara, wannan na nufin kimanin lita 1,430 a motar farko, lita 1,070 a ta biyu, da lita 715 a ta uku.

Idan aka ɗauki lita a kan naira 1,000 domin sauƙin lissafi, bambancin da ke tsakanin ta 2007 da ta 2018 ya kai naira 360,000 a shekara, wato naira miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas cikin shekara biyar.

A zahiri motar da ta tsufa, ga cunkoso, ga na'urar sanyi a kunne kullum, za ta sha fiye da haka. Amma tazarar da ke tsakanin ƙirar tana nan.

Duk da haka, sabuwar ƙirar ta fi tsohuwar tsada da miliyoyin naira. Ga wanda ba ya yawan tafiya, rarar man ba za ta mayar masa da wannan bambanci ba cikin shekaru kaɗan. Ga wanda kullum yana kan hanyar Kano zuwa Abuja kuwa, lissafin na iya juyawa.

Kayan gyara da ranar sayarwa

A watan Yunin 2023 aka bar kasuwa ta tsayar da darajar naira, dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a 2024. Tun da da dala ake sayo motocin da kayan gyaransu, kuma da ita ake ƙiyasta kuɗin fito, farashinsu ya tashi tare.

Kafin nan, gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairun 2017, sannan a 2022 hukumar kwastan ta fara ƙiyasta kuɗin fito ta hanyar lambar shasi. Motar da ba ta da sahihan takardun kwastan, ko da ta zo da araha, tana iya ƙarewa a hannun jami'ai.

A fannin kayan gyara, Camry da Accord sun fi sauran fa'ida, domin daga kasuwar Ladipo a Legas zuwa Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, da wuya a rasa kayansu, sababbi ko na hannu, kuma kusan kowane bakanike ya san su.

Tsakanin su biyun, akwai bambanci a ƙafar gaba. Har zuwa ƙirar 2012, Accord tana amfani da tsari mai hannuwa biyu a kowace taya, wanda ke sa ta riƙe hanya da kyau, amma yana da gaɓoɓi da yawa da ke buƙatar dubawa a kan titi mai ramuka. Tsarin Camry ya fi sauƙi, ya kuma fi laushi.

Sonata da Altima galibi sun fi araha wajen saye idan aka kwatanta da Camry ta shekara ɗaya da su, kuma sau da yawa sun fi ta na'urori. Amma ranar da aka zo sayarwa, wannan arahar kan dawo kan mai ita, domin masu neman su ba su kai na Toyota da Honda yawa ba.

Peugeot 406 har yanzu tana da masoya a arewa saboda daɗin zama da riƙe hanya, kuma akwai kanikawan da suka ƙware a kanta, sai dai mafi ƙuruciya a cikinsu ta daɗe da haura shekara goma, kuma babu na'urorin kariya na zamani a jikinta.

Tarihin motar ya fi sunanta

A kasuwar motocin hannu, motoci biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya na iya bambanta ƙwarai.

Da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su daga Amurka, an sayo su ne a gwanjon kamfanonin inshora, bayan sun yi hatsari ko ambaliyar ruwa ta shanye su, kamar yadda ya faru bayan guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017.

Motar da ta sha ruwa tana iya yin kyau a ido, amma wayoyinta da kwamfutocinta sukan ci gaba da lalacewa sannu a hankali. Warin laima, tsatsa a ƙarƙashin kujeru da laka a ramin tayar sifiya na cikin alamomin.

Wadda ta yi karo kuwa, wani lokaci akan rufe gurbin jakar iska ba tare da an sa wata ba. Fitilar jakar ya kamata ta kama idan aka murza makulli, sannan ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Idan ba ta kama ba sam, akwai dalilin tuhuma.

Da lambar shasi ana iya sayen rahoton tarihin motar daga kamfanoni irin su Carfax, wanda kan nuna haɗurran da aka rubuta da kuma nisan da ta yi tafiya, abin da ke tona asirin agogon da aka mayar baya.

Saboda haka Sonata mai tsaftataccen tarihi ta fi Camry da ruwa ya ci, kome farin jinin sunan.

Abin da ke tafe

Daga ƙirar 2025, Toyota ya daina sayar da Camry mai fetur zalla a Amurka. Kowace ɗaya yanzu tana haɗa inji da lantarki, kuma manyan nau'o'in Accord tun 2023 haka suke.

Irin wannan mota ba a jona ta da wutar gida, domin tana cajin batirinta da kanta daga injin da kuma lokacin taka birki, saboda haka ƙarancin wutar lantarki bai shafe ta ba. A cikin gari, inda ake yawan tsayawa da tashi, ta fi nuna tattalinta.

A Camry ta 2007 mai wannan tsari, batirin ya rage but zuwa kimanin lita 300, amma daga 2018 an mayar da shi ƙarƙashin kujerar baya, but ɗin ya dawo daidai da na sauran.

Inda damuwar take shi ne shekarun batirin da kuma gyara. Toyota yana ba shi garantin shekara goma ko mil 150,000 a Amurka tun daga ƙirar 2020, wa'adin da zai kusa ƙarewa a lokacin da akasarin motocin za su iso Najeriya, kuma garantin ba ya biyo su. Zafi yana rage wa batirin kwana, ƙurar hunturu kuma na iya toshe fankar da ke sanyaya shi idan ba a tsaftace ta.

Har ila yau, ƙarfin lantarkin da ke cikinsa ya haura volt 200, wanda ke iya hallaka bakaniken da bai sami horo ba.

Ke nan nan da 'yan shekaru, wanda ya je sayen Camry 'yar Amurka ba zai sami zaɓi tsakanin mai lantarki da marar lantarki ba, kuma darajarta a wurinsa za ta dogara ne ga ko akwai wanda ya iya gyaranta a garinsu.